Haddace jawabi ko riƙe kanun batutuwa: wanne ya fi tsare mai faɗuwar gaba?

Ƙanwata, na karanta tambayarki sau biyu. Kin ce nan da mako biyu za ki tsaya gaban malamanki da 'yan ajinku ki gabatar da aikin bincikenki cikin minti goma, kuma tun yanzu da kin tuna sai gabanki ya yanke ya faɗi. Wata ƙawarki ta ce ki haddace jawabin kaf, daga sallama har godiya. Wani kuma ya ce ki rubuta kanun batutuwa a 'yar takarda ki yi bayani da bakinki. Na gwada duka biyun, na kuma daɗe ina zama cikin masu sauraro ina ganin yadda kowanne yake ƙarewa, don haka ba zan yi miki rufa-rufa ba: ni ina bayan takardar kanu. Amma hadda tana da nata gurbin, kuma ba zan tauye mata haƙƙi ba.

Kafin a auna su sai mun san da me za su kara. Lokacin da aka kira sunanki kika miƙe, idanu suka yi miki caa, jikinki ba ya bambanta wannan da haɗari na gaske. Wasu ƙananan sassan jiki da ke zaune a saman ƙoda sai su sako sinadarin adiranalin cikin jini. Zuciya ta shiga dukan uku-uku, numfashi ya gajarce, yawu ya ƙafe, hannu ya kama ɓari. Tun a 1915 Walter Cannon, wani masanin aikin jiki a jami'ar Harvard, ya bayyana wannan yanayi da cewa jiki ne yake shirin faɗa ko gudu. Ba ragwantaka ba ce, ba kuma alamar ba ki san aikinki ba.

Abin da ya fi shafar tambayarki shi ne wanda ke faruwa a ka. Ƙwaƙwalwa tana da rumbu inda take tara abin da aka daɗe da sani, tana kuma da ɗan wuri kamar tafin hannu inda take riƙe abin da ake aiki da shi a yanzu. Rumbun yana da faɗi, tafin hannun kuwa ƙarami ne ƙwarai. Masanin halayyar ɗan Adam Nelson Cowan ya ƙiyasta a 2001 cewa abin da yake iya riƙewa a lokaci ɗaya bai wuce guda huɗu ba ko kusa da haka. To, da tsoro ya shigo sai ya zauna a wannan ɗan wurin: "suna kallona", "muryata na rawa", "malamin can ya haɗe rai". Duk hanyar da za ki zaɓa, tambayar ita ce: idan tsoro ya cinye rabin wurin, me zai saura a hannunki?

Mu fara da hadda. Daɗinta a fili yake. Kowace kalma kin zaɓe ta a natse, babu in-ina, babu "wato... wato...", kuma kin san minti nawa jawabin zai ci tun da kullum abu ɗaya kike maimaitawa. Sama da komai, tana ba da kwanciyar hankali a daren da za a wayi gari. Mutum ya kwanta yana jin abin na kansa. Shi ya sa masu tsoro suka fi karkata gare ta, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai dai hadda kamar carbi take, zare ɗaya ne ya riƙe duwatsun duka. Kowace jimla wadda ta gabace ta ce take kiran ta. In ɗaya ta kuɓuce, wadda ke biye ba ta da mai kira, sai komai ya ɗauke ɗif. Wannan ya faru da Winston Churchill, wanda daga baya ya zama firayim ministan Birtaniya, a majalisar dokokin ƙasar a watan Afrilun 1904, yana ɗan shekara 29. A lokacin haddace jawabansa yake yi. Ya yi kusan minti 45 yana magana kan wata dokar da ta shafi ƙungiyoyin ƙwadago, kwatsam a tsakiyar jimla zaren ya tsinke. Ya maimaita jimlar, ya laluba, abin ya ƙi zuwa. Ya zauna ya rufe fuskarsa da hannuwa. Mutumin da daga baya duniya ta san shi da iya magana ke nan. Daga ranar bai ƙara tashi yin babban jawabi ba takarda a hannu ba.

Na ga irin wannan da idona a kan wata ɗaliba mai ƙoƙari. Ta fara tiryan-tiryan, har aka kai wajen minti na uku. Sai wani ya turo ƙofa ya shigo, ƙofar ta yi ƙara, ta waiga. Da ta juyo, shi ke nan. Ta ɗaga ido sama, leɓenta yana motsi ba sauti, tana komawa farkon sakin layin a zuciyarta don ta sake gangarowa. Yatsunta sun kama gefen tebur har sun yi fari. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta san aikin nan ciki da bai. Da ɗaya daga cikin malaman ya ce mata, "Bar wannan, gaya mana kawai me kika gano," sai ta yi bayani mai kyau da kalmominta. Ilimin yana nan a rumbu. Jerin kalmomin ne ya ɓace, ita kuma ta ɗauka jerin shi ne ilimin.

Ko ba a manta ba ma, hadda tana da wata illa. Mai hadda hankalinsa yana ciki, yana bin sawun kalma ta gaba, ba ya tare da mutanen da ke gabansa. Murya takan miƙe sambal ba hawa ba sauka, gudu ya ƙaru don a sauke kaya a huta. Masu sauraro suna ganewa tun a jimla ta biyu.

Yanzu takardar kanu. Ita ma ba zan wanke ta tas ba. A kwanakin farko na gwaji ta fi hadda ban tsoro, domin za ki ji bakinki yana kame-kame, jimla ta fito a karkace, ki faɗi abu ɗaya sau biyu. Tana da saurin cin lokaci, minti goma ya zama sha biyar ba ki ankara ba. Kuma malalata sukan fake da ita: su rubuta kalma biyar a takarda da safe, su ce ai za su yi bayani da ka. Wannan ba shiri ba ne, fafe gora ne ranar tafiya, kuma ƙarshensa ya fi na mai hadda muni.

Amma duba abin da take yi wa ɗan wurin nan da tsoro yake cinyewa. Ba ki ɗauke da jimla ɗari a jere. Abu ɗaya kike riƙe da shi, batun da kike kai yanzu, sauran suna jiranki a takarda. Babu wata kalma da za a ce ita ce daidai, don haka babu wadda ɓatanta zai tsayar da ke. In "sakamako" ta ƙi zuwa sai ki ce "abin da na samu", ba wanda ya san kin canza. In ƙofa ta yi ƙara, ki duba takarda, ki ga kina kan batu na uku, ki ɗora. Mai hadda hanya ɗaya tak ya sani zuwa inda za shi, ke kuwa kin san unguwar gaba ɗaya, in an toshe wannan lungu ki bi wancan.

Akwai kuma abin da ƙawarki ba ta lissafa ba. Bayan minti goman nan za a yi miki tambayoyi, kuma ba a haddace amsar tambayar da ba a ji ba tukuna. Wadda ta yi mako biyu tana bayyana aikinta ta fuskoki daban-daban ta riga ta yi rabin shirin wannan zangon ba tare da ta sani ba. Wadda ta yi mako biyu tana tusa shafi uku kuwa, da an kauce wa shafukan sai ido ya raina fata.

Mutane sukan kawo misalin Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, wanda a ranar 28 ga Agusta 1963, a gaban mutum kusan 250,000 a babban birnin Amurka, ya bar rubutaccen jawabinsa ya shiga zancen mafarkinsa na ganin an daina wariyar launin fata, da ka. Gaskiya ne ya bar takardar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ya riga ya yi wannan zance a wasu wurare, ciki har da birnin Detroit a watan Yunin shekarar. Ba daga sama maganar ta faɗo masa ba, bakinsa ne ya saba da ita. Irin wannan sabon nake so ki nema, ba sakaci ba.

Ina ne hadda ta fi? Duk inda lafazin kansa shi ne abin da ake buƙata: waƙa, rantsuwa, ma'anar wata kalma ta ilimi da ba a son a sauya mata ko harafi, ko gajeren jawabi na minti ɗaya. Haka nan in za ki yi magana da harshen da bai zauna miki a baki sosai ba, haddace wasu muhimman jimloli yana rage wahala. 'Yan wasan kwaikwayo ma hadda suke yi, amma su makonni suke ɗauka suna tusawa har abin ya zama jiki, ga abokan wasa da maganarsu ke tuna musu tasu. Haddar da ta nuna irin haka tana jure tsoro. Wadda ake yi cikin 'yan kwanaki, ga sauran karatu a ka, ɗanya ce, kuma ita ce mai watsa mutum a tsakiyar fili. Karanta jawabin duka daga takarda kuwa ba zan tsaya a kansa ba. Yana hana mantuwa, amma kanki zai kasance a sunkuye, malamanki kuma so suke su ga ko kin fahimci abin da kika rubuta.

Ga abin da zan yi in ni ce ke. Zan haddace jimloli uku na farko har in iya faɗarsu ko daga barci aka tashe ni, domin bugun zuciya ya fi tsananta a minti na farko, daga nan yakan fara sauka. In bakinki yana da abin faɗa a wannan mintin ba sai ya yi tunani ba, kin tsallake mafi wuyar wurin. Zan haddace jimlar rufewa ita ma, don kada in ƙare da "to, shi ke nan". Duk abin da ke tsakani, kanu.

Kada ki yi amfani da fallen takarda mai laushi. Hannu in yana rawa, fallen takarda shi yake fara tona asiri, har ƙara yake yi. Ki sami kati mai kauri daidai tafin hannu, ki rubuta da manyan baƙaƙe, kowane layi kalma uku zuwa biyar, batutuwa kada su wuce biyar ko shida. Alƙaluma da sunaye ki rubuta su cikakku, su ba a dogara da ka a kansu. In katin ya fi ɗaya, ki sa musu lamba a kusurwa.

Sai gwaji, kuma a nan ne aikin yake. A tsaye, da murya a sarari, da agogo a gabanki, ba a zuci kina kwance ba. Kowace rana sau ɗaya ko biyu, kuma da gangan ki riƙa canza kalmomin, don kada ki wayi gari kin haddace ba da niyya ba. Wata rana ki fara daga batu na uku. Wata rana ki sa wani ya katse ki a tsakiya da tambaya, ki amsa, ki koma inda kika tsaya. Bayan kwana huɗu ko biyar ki kira mutum ɗaya ya zauna ya saurare ki, sannan uku, sannan in da hali ki je ɗakin da za a yi abin ki tsaya a wurin da za ki tsaya. Tsoro yana raguwa ne da yawan haɗuwa da abin da ake tsoro, kaɗan-kaɗan, gudunsa kuwa ƙara masa ƙarfi yake yi. In kuma kin ga abin ya wuce faɗuwar gaba, yana hana ki barci da cin abinci, ko har kina tunanin fasa zuwa, ki nemi likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Abu ne da suka saba gani, kuma ana samun sauƙinsa.

Duk da wannan shiri, zai iya faruwa kanki ya ɗauke na ɗan lokaci. Ki yi shiru, kada ki ba da haƙuri, kada ki ce "na manta". Ki saki numfashi a hankali, ki kurɓi ruwa in akwai, ki duba katin. Shirun da zai yi miki kamar shekara, a kunnen masu sauraro 'yan daƙiƙu ne. Masana halayyar ɗan Adam Kenneth Savitsky da Thomas Gilovich sun nuna a wani bincike na 2003 cewa masu jawabi suna zaton tsoronsu ya fi bayyana fiye da yadda masu kallo suke gani a zahiri, kuma waɗanda aka sanar da su haka kafin su tashi sun fi yin jawabi mai kyau. Dukan da zuciyarki take yi, ke kaɗai kike jin sa.

Yau da daddare ki rubuta katin. Gobe ki tsaya ki gwada da agogo, ko da zai fito a hargitse, sannan ki gaya mini minti nawa ya ci da kuma batun da ya fi ba ki wuya, mu duba shi tare.