Sharhina kan gyaran Land Cruiser ta hannu a sana'iyar Jidda, wato unguwar gareji

Mutanenmu na nan Jidda suna ta tambayata wai nawa na kashe kuma a ina aka haɗa min motar nan, to ga bayanin yadda abin ya kasance. Motar Land Cruiser GXR ce ta 2004, cikin jerin 100 ɗin nan da Toyota ta yi daga 1998 zuwa 2007, injin silinda shida 4.5 mai shan fetur, a Haraj, kasuwar motocin hannu, na gan ta wajen wani mutumin Ɗa'if. Abin da nake so mota ɗaya ce tal, wadda za ta kai yara makaranta, ta kai mu Makka, ta hau Hada, hanyar dutsen nan ta zuwa Ɗa'if, ba tare da allurar zafi ta motsa ba, sannan ranar Juma'a da yamma mu shiga barr, wato sahara, wajen Usfan mu yi kashta, fitar shaƙatawa ke nan, mu dawo lafiya.

Garejin da na kai ta na wani dattijo ne Bahaushen Sudan ɗan asalin Mai Wurno, kowa Mu'allim yake ce masa. Ni da lissafina na je, a ɗaga ta, a sa manyan tayoyi, a sa fitilu a saman rufi. Bai ma kalli takardar ba, ya buɗe bonet ya ɗora yatsa a kan robar saman lagireto, wadda asalinta baƙa ce amma ta koma ruwan ƙasa, ya ɗan kankara da farce sai ga ta tana gari. Ya ce "ɗana, wannan ba za ta ga ƙarshen Agusta ba, bari mu fara da abin da ba a gani." Na ce to Baba yadda ka ce.

Gaskiya nan mafi yawan kuɗin ya tafi kuma nan ne na fi jin daɗin aikinsa. Lagireto sabo, tiyoyin ruwa duka har ƙananan da ke bayan inji, famfon ruwa, da kulocin fanka wanda mutane ba sa kula da shi, alhali a cikin yashi motar tana ihu ne a ƙaramar giya ba ta gudu, iska ba ta shigowa ta gaba, fankar nan ce kaɗai ke riƙe da injin, ga esi a kunne ga zafin da ya haura 40. Ya juye man giya da na dabal, akwatin da ke raba ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya, da na difaranshal gaba da baya, na bayan ya fito kamar kunun kanwa saboda ruwa ya taɓa shiga, watakila mai ita ya ratsa wani kwari lokacin ambaliya. Injin nan sarƙa gare shi ba bel ɗin taimin ba, wanda ya sayi mai V8 4.7 shi kam dole ya tambayi yaushe aka canja bel. Bushin da boljoyin da tayarod duk an sa sababbi, ya hana ni ɗauko su daga tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci, ya ce a tashlih a sayi ƙofa da madubi da fitila, banda roba da abin da ke riƙe da taya.

Ɗagawa kuwa inci biyu kawai ya yarda. Tawa a gaba sandar toshin gare ta, wato sandar ƙarfe mai murɗewa a madadin sifirin, in aka matsa mata fiye da haka dirabshaf ɗin gaba yana karkacewa da yawa ya riƙa yaga roba, kuma motar ta rasa wurin sauka in ta faɗa rami. An sa sifirin na baya mai ɗan ƙarfi da shokozoba huɗu. Da kaya a baya, jarkokin ruwa da darduma da tukunyar gas, yanzu ba ta zama da gindi kamar da, a kwanonin Hada kuma ba ta layi. In babu kaya tana da ɗan tauri, uwargida ta yi magana tun ranar farko kuma tana da gaskiya.

Taya ita ce abin da na fi so a tsaya a karanta. Asalin nata 275/70R16, na koma 285/75R16 irin ta ko'ina, wadda ake rubuta wa A/T. Ban sa mai manyan haƙora ta taɓo ba, a yashinmu haƙa rami take yi ta binne ka, a kwalta kuma ƙara. Tayar ta fi ta asali girma da kusan kashi 5 cikin ɗari, ma'ana in allura ta nuna 120 kai kana kusan 126 ne, kuma Sahir, kyamarar kama masu gudu, ba ruwansa da allurarka, don haka na koma duba gudu a waya. Sannan a duba lambobi huɗun nan na gefen taya, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2323 na nufin sati na 23 a 2023. Wani shago ya so ya ba ni tayoyi masu kyan gani da rangwame, Mu'allim ya durƙusa ya karanta lambar ya ce a mayar, sun daɗe a sito, a zafin ƙasar nan tsohuwar roba fashewa take ko da zanenta bai ci ba.

A yashi abin da ya fi ɗagawar da tayar aiki shi ne rage iska. A kwalta PSI 35 nake sawa, da na sauka sai in mayar 18, in wurin ya yi laushi sosai 15, sai ka ji motar ta hau saman yashin tana tafiya salin alin ba tare da ka taka mai da ƙarfi ba. Amma kar a yi kwana mai kaifi a haka, taya na iya zamewa daga rim, kuma wallahi kar wanda ya hau titi da iska 15 ya ce zai lallaɓa zuwa gidan mai. Na sayi injin iska mai maƙalawa a batir kai tsaye, ƙananan na wurin kunna sigari zafi suke ɗauka kafin su gama taya biyu. Sai shebur, allunan fitar da mota guda biyu, da igiyar ja. Ya sa min ƙugiyoyi masu ƙarfi a jikin shasi, ya kuma gargaɗe ni kar in taɓa ɗaura igiya a ƙwallon jan tirela, in ya ɓalle gilashin wani yake nufa.

Abin da ban ji daɗinsa ba, lokaci. Ya ce sati ɗaya, motar ta kusa wata a wajensa, kullum bukra, wato gobe, in sha Allah, kuma ba ya ɗaga waya in yana ƙarƙashin mota. Alaimen ɗin farko da yaransa suka yi bai zauna ba tana jan dama, sai da na mayar, ko da yake bai karɓi ko riyal ba. Mai kuma ta ƙara sha, dama can injin ba mai tausayi ba ne, da litar fetur mai lamba 91 a riyal 2.18 ana ji a aljihu in ana zirga-zirgar cikin gari. Tayoyin suna ɗan gurnani daga 100 zuwa sama.

Fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, ta wuce shi ba matsala tunda ba a taɓa siffarta ba, babu ƙaton ƙarfe a gaba babu fitilun rufi, waɗannan na fasa su gaba ɗaya. Wanda aikinsa hawan manyan tuddai ne irin na Sumama wajen Riyad wannan haɗin zai yi masa kaɗan. Ni dai zan sake kai masa mota, burki ne ma ya rage, na ce masa bayan Hajji in ya rage cunkoso.