Sharhi kan Nikon Coolpix P900: rani biyu tsakanin Garwa da gandun dajin Binuwai

Duk wanda ya taɓa ɗaga waya don ya ɗauki dorina a kogin Binuwai ya san abin da ke fitowa: ruwa fal hoto, sai wani ɗigon baƙi a tsakiya wanda sai ka rantse kafin a yarda dabba ce. Wannan ciwon ne kyamarar Nikon Coolpix P900 ta zo yi wa magani. Rani biyu na yi ina aiki da ita tsakanin Garwa, Lagdo da gandun dajin Binuwai a arewacin Kamaru, kuma a ganina ta yi maganin, in dai mai ita ya san sa'ar fita da inda zai tsayar da zuƙowa.

A 2015 ta fito. Madubinta a manne yake, ba a cirewa, yana zuƙowa ninki 83, kwatankwacin milimita 24 zuwa 2000. Nauyinta bai cika kilo ɗaya ba, gram 900 ne kusan. Da milimita 24 za ka kwashe tsaunukan Rumsiki gaba ɗaya, da 2000 kuma gauraka da ke can tsallaken fadama sai ta cika maka hoto har ka ga tukkun kanta.

To amma wannan 2000 ɗin, kada ta ruɗe ka. Daga ƙarfe 10 na safe a watan Maris ko Afrilu ƙasa ta gasu, iskar da ke tashi daga kanta tana rawa, irin kawalwainiyar da ake gani a kan kwalta hanyar Marwa. Kyamara na zuƙo dabba, tana zuƙo rawar iskar tare da ita. Gwanki a nisan mita 200 sai ya fito kamar an zana shi da jiƙaƙƙen alli, mutum ya yi ta zargin madubi alhali lafiyarsa ƙalau. A Disamba da Janairu kuma hazon hunturu ne ke shanye launi, komai ya koma toka-toka. Maganin duka biyun ɗaya ne: ka matso iya yadda ɗan jagora ya yarje, ka tsaya tsakanin milimita 800 da 1200, ka yi aikinka daga fitowar rana zuwa 9:30, sannan daga la'asar zuwa 5:30. Ita 2000 a bar wa tsuntsun da ke zaune kusa, mita 20 ko 30, inda iskar da ke tsakaninku ba ta da yawa. A nan ne kyamarar ke nuna bajintarta, gashin cilakowa ɗaya bayan ɗaya. Zuƙowar dijital kuwa a kashe ta tun ranar farko, faɗaɗa hoto kawai take yi.

Sai maganar haske. Sensar da ke kama hoton ƙarama ce, wajen milimita 6 da 4 da rabi, irin ta ƙananan kyamarori, da megafiksel 16. Ƙanƙantarta ce ta sa aka samu wannan zuƙowa a jiki mara nauyi, kuma ita ce farashin da ake biya. ISO shi ne ma'aunin yadda sensa ke ƙarfafa haske: a ISO 100 zuwa 400 hoto fes yake. A 800 gashin dabba ya fara narkewa, a 1600 ya isa a tura ta WhatsApp kawai. Ga shi idan ka zuƙe har ƙarshe ƙofar haske na tsukewa daga f/2.8 zuwa f/6.5. Ke nan bayan rana ta faɗi, daidai lokacin da dorina ke fitowa kiwo, kyamarar ta tashi daga aiki. JPEG kaɗai take ajiyewa, babu RAW, wato ɗanyen hoton da ake iya gyara haskensa daga baya, don haka abin da ya ƙone da haske ya ƙone ke nan. Mai son RAW sai ya nemi P950 ta 2020.

Ga saitin da ya fi ba ni amfani. A juya maɓalli zuwa S, inda kai ke zaɓar gudun ɗauka, a sa shi 1/500 na daƙiƙa ga dabbar da ke tsaye, 1/1000 ga mai tafiya, a bar ISO ta zaɓi kanta amma a yi mata iyaka a 800. Wurin saita ido a mayar da shi ɗigo ɗaya a tsakiya, domin idan ka bar mata zaɓi, ciyawar gamba da ke gaban maraya za ta kama ta bar marayar. Ga farin tsuntsu kamar balbela a rage haske da -0.7. Ga dorina ko ɓauna a bakin ruwa mai ƙyalli a ƙara +0.3, in ba haka ba baƙin dutse za ka samu. A ajiye saitin a kan U, wurin adana saitin da ka zaɓa, don kada a sake lalube a daji. Akwai wani ɗan maɓalli a gefen madubi da mutane da yawa ba su kula da shi: idan dabba ta ɓace maka a cikin zuƙowa, ka danne shi madubi ya ja baya ka gano ta, ka saki ya koma inda yake. Ban ga abin da ya kai shi daɗi a jikin kyamarar ba. Tsuntsu a sama kuwa, sai an yi sa'a. Tana ɗaukar hoto 7 a jere cikin daƙiƙa ɗaya, sannan ta tsaya tana rubutawa a kati, kafin ta farfaɗo gaggafa ta yi nisa.

Maganin girgiza da ke cikinta na da ƙarfi, amma ba ya hana rawar injin mota. A ce wa direba ya kashe. Mai ƙafa uku ba shi da wurin tsayawa a cikin mota. A sa tela ya ɗinka 'yar jaka, a zuba gero ko shinkafa kilo 2, a ɗora a bakin taga a kwantar da madubi a kai.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Jikin kyamarar ba a toshe yake ba, kuma madubin na miƙewa yana komawa, duk shiga da fita yana jan ƙura. Farkon rani bayan an ƙone ciyawa, toka ma na shiga sahu. A kashe ta muddin mota na tafiya, a lulluɓe da rigar matashin kai. A ɗaura gilashin kariya mai faɗin milimita 67. Kafin a goge a fara hurawa da robar hura iska, kada a kai hannun riga, yashi na karce gilashi. Kuma zafin da aka ƙayyade mata digiri 40 ne, Garwa kan wuce haka a bazara, don haka kada a bar ta a gaban mota cikin rana.

Batirinta EN-EL23 an ƙiyasta masa hoto 360, amma yawan zuƙowa da GPS na cinye shi kafin nan. A kashe GPS da Wi-Fi, a tafi da batir 3 don kwana biyu, tun da wuta a sansanin daji ta janareta ce mai sa'o'i. Ana cajinta ta USB.

Gandun Binuwai, mai faɗin murabba'in kilomita 1,800 a kan hanyar Garwa zuwa Ngaundere, ya fi dacewa da ita, don dorina da kada na kwance a kududdufan kogi ba sa motsi sosai. Raƙuman dawa sun fi samuwa a Waza, sai dai can a fara tambayar hukuma halin tsaro. A ƙofar gandu a bayyana kyamara a karɓi rasit. A cikin gari kuma wannan dogon madubi na jan ido: kada a nufi gadar Garwa, madatsar Lagdo, filin jirgi ko shingen jandarma da shi, kuma a nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi, balle a ƙofar fadar lamiɗo.

Yanzu ta hannu aka fi samu. Kafin ka biya, ka zuƙe ta daga farko zuwa ƙarshe sau 5 kana saurara. Ƙarar gurzawa alamar yashi ce a ciki. Ka ɗauki farin bango a f/8 ka duba ko akwai ɗigon da ba ya gusawa, domin tsabtace sensarta sai an kwance kyamarar baki ɗaya. Ka kuma ciro batirin ka ɗora a kan tebur, in ya kumbura yana lilo a rage maka kuɗinsa.