Da na biye wa maigidan, da hotunan biki huɗu sun tafi

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyon biki ce a nan Garwa, arewacin Kamaru. Wannan rubutu a kan wani shagon gyaran kwamfuta ne da ke layin masu sayar da waya a babbar kasuwa. Ba zan kama suna ba, wanda ya taɓa kai kayansa wurin zai gane.

Kwamfutata Dell OptiPlex ce, irin tsofaffin na ofis ɗin nan da ake saukewa a Duwala a hauro da su arewa. Ba ta taɓa ba ni kunya ba. Damuwarta ɗaya, SSD ɗin cikinta, wato diskin da take ajiye komai a kai, giga 256 ne, ni kuwa biki ɗaya, in an haɗa kamu da ɗaurin aure da walima, yakan ci giga 40. Bayan ƙaramar Sallah sai ga bukukuwa huɗu cikin mako biyu, har da ɗaya a Pitowa. Layin da ke nuna cikar diski ya koma ja wur. Na goge katunan kyamara don in samu na ci gaba da aiki, wato duk abin da na ɗauka yana cikin SSD ɗin nan kaɗai, babu kwafi a ko'ina. Laifina ne wannan, na sani, kada wanda ya tuna min.

Sai na sayi ƙarin diski na tera 1, wato giga 1000, na hannu, wajen wani mai kayan gwanjo da ya rantse min cewa kusan sabo ne. Bayan isha'i na buɗe murfin da kaina, waya a baki ina haskawa. Igiyar SATA da aka ba ni, wadda ke haɗa diski da kwamfuta, ba ta kai inda sabon diskin ya zauna ba, sai na zare ta jikin SSD na ba shi, SSD kuma na haɗa shi da sabuwar a ramin da ke gefe. A ganina igiya igiya ce, rami rami ne.

Na kunna. Alamar Dell ta fito lafiya lau, sai ga 'yan fitilu huɗu masu launi na Windows 7 suna juyi, ni da Windows 10 nake aiki da shi shekara da shekaru. Allo ya yi shuɗi kamar walƙiya, ta mutu, ta sake tashi da kanta, ta sake mutuwa. Don in karanta abin da take rubutawa sai da na ɗauki allon a bidiyo na tsayar da hoton, na ga 0x0000007B. Zufa ta karyo min, ga zafin watan Afrilu wanda ko da dare bango ke huci. Hankali ya ce in cire abin da na sa in gani, tsoro ya ce kada in ƙara taɓa komai. Tsoro na bi.

Da sassafe na hau babur daga Yelwa, kwamfuta a cinya kamar mai kai jariri asibiti.

Maigidan bai ko buɗe murfin ba. Ya jona, ya kalli allon sau biyu yana kurɓar shayi, ya ce, "Malam, Windows ya mutu, sai an yi mata formate." Wato a goge komai a sake sa Windows. Na ce akwai aikin mutane a ciki. Ya ce ai an daina Windows 10, shi ya sa kwamfutoci ke mutuwa a garin nan, gara ya sa min 11. Wannan magana ita ta fara sa ni shakka. Gaskiya ne Microsoft ta daina tura wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025, amma daina turo gyara daban, hana kwamfuta tashi daban, wata shida na yi ina aiki da ita bayan ranar ba ta ko yi tari ba. Windows 11 ɗin ma yana neman wani kayan tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama, tawa kuwa i5 ce ta ƙarni na 3, sai dai a cusa mata ta bayan fage. Ya yanke min jaka 10, wato sefa dubu goma, na formate. In kuma ina son a ceto hotunan, jaka 25, shi ma ba tabbas. Na ce kada a goge komai sai an kira ni. Ya ce zuwa la'asar.

La'asar ta yi, ba kira. Washegari shiru, in na kira ya ce ana kan aiki. A tsakanin nan gwaggon amaryar Pitowa ta kira ni ya fi sau goma, tun tana cewa "ɗana, yaya dai?" har ta koma "kai mai hoto". Wanda ke wannan sana'a ya san me sauyin nan ke nufi.

Kwana na uku na je da kaina bayan azahar, na tarar da ita a ƙarƙashin tebur, ƙura ta rufe ta, ga zoben gindin kofin shayi a saman murfi. Ba wanda ya taɓa ta. A lokacin raina ya ɓaci, daga baya na gane rashin taɓawar nan shi ya cece ni. Maigida ya fita, sai yaron shagon, da ƙyar in ya kai shekara 18, yana liƙa ramin caji na wata waya. Ya gaishe ni, ya saurari faɗana har na gaji, sannan ya yi min tambayar da tun ranar farko ba wanda ya yi:

"Kawu, me ka taɓa na ƙarshe kafin ta ƙi tashi?"

Na faɗa masa. Ya ajiye abin liƙinsa, ya jawo ta, ya kunna yana danna F12 a kai a kai. Wani jeri ya fito mai sunayen diski biyu. Ya sauko kan SSD ya danna. Ban gama haɗiye yawu ba sai ga hoton 'yata a fuskar allo, ga jakunkunan bikin nan huɗu a jere yadda na bar su. Na buɗe ta Pitowa, ga ango da babbar riga yana murmushi. Sai da na nemi benci na zauna.

Bayanin da ya yi min ya fi na duk wanda na taɓa ji. Ya ce kafin Windows ya tashi akwai BIOS, shi ke duba wane diski ne a gaba ya miƙa masa ragama. "Kamar tasha ce, Kawu, motar da ke kan layi ita ake wa lodi, ko da injinta a kwance yake." Ramukan SATA suna da lamba rubuce a jikin babban allon da ke cikin kwamfutar, 0, 1, 2. Ni na tsige SSD daga na 0 na ba baƙo wurinsa. Baƙon kuma ba fanko ba ne, akwai Windows 7 na wata kwamfuta dabam a cikinsa, wanda bai san kayan cikin tawa ba, shi ya sa yake fara tashi ya kasa ganin diskin da yake kai ya faɗi. Lambar da na ɗauka a bidiyo abin da take nufi ke nan. Windows ɗina na kwance lafiyarsa ƙalau, ba a dai kira shi ba ne. Ya shiga da F2 ya mai da SSD saman jerin, ya ajiye. Duka aikin bai kai minti goma ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, da na yarda da formate, wane diski za a goge? Mutumin da bai buɗe murfi ba bai ma san biyu ne a ciki ba.

Maigida ya dawo ya ga tana aiki, bai ji kunya ko ɗis ba, ya ce jaka 5 kuɗin bincike. Binciken wa? Na biya don murna ta hana ni musu, na faki idonsa na tura wa yaron jaka 2 a aljihu. Da a ranar na yi rubutun nan, da yabo zalla za ku karanta. Har a majalisarmu na yi ta tallan shagon.

Kwana biyu bayan haka aka ɗauke wuta da tsakar rana, ina tsakiyar haɗa bidiyo. Da ta dawo na kunna, sai ga fitilun Windows 7 sun dawo, ga shuɗin allo. Yanzu na san F12, don haka ban ruɗe ba, amma haushi ya cika ni. Na biya kuɗi, an ce an gyara, ga shi duk ɗauke wuta sai in koma gidan jiya, kuma kun san sau nawa ake ɗauke ta a lokacin zafi.

Na sake ɗaukar ta a cinya. Yaron na ganina ya sunkuyar da kai. Ya ce tun ranar ya lura kwanan watan cikin BIOS ya koma baya da shekaru, ya so ya yi magana maigida ya ce a sallame ni akwai masu jira. A nan shi ma na ɗan ga laifinsa, ko a bakin ƙofa ai sai ya raɗa min. Ashe akwai wani ɗan batir a jikin allon nan na ciki, CR2032, faɗinsa kamar kwandalar dala goma, volt 3, shi ke riƙe agogo da saitin BIOS in babu wuta. Nawa da aka auna bai kai volt 1 ba. Da ma na daɗe ina ganin in an ɗauke wuta sai ta tsaya tana neman in danna F1, agogo kuma ya rikice, sai in gyara da hannu in wuce. Lokacin da diski ɗaya ne ba ta da wani zaɓi, ko ta manta saiti shi za ta tasa. Da suka zama biyu ne mantuwar ta zama ciwo.

Wannan karon ya yi aikin yadda ya kamata, ina tsaye a kansa. Ya sauya batir. Ya mai da SSD ramin SATA 0, babban diskin ya koma na 1, da wata igiya mai tsawo. Kafin ya goge shi ya buɗe ya nuna min cikinsa, ko akwai abin da na riga na zuba. Takardun wani ofis ne da Jamusanci, da wata jaka ta hotuna, yarinya 'yar ƙarama da jar hula tana wasa cikin ƙanƙara. Na ce ya rufe. Ni mai hoto ne, ban ji daɗin ganin hoton iyalin wani ya taso daga ƙasarsu ya ƙare a kasuwar Garwa ba. Ya goge komai har da ɗan ƙaramin ɓangaren da Windows 7 ke tashi daga cikinsa, ya tsara diskin da sabon tsari da ake kira GPT. Ya ce tsohon tsarin MBR ba ya wuce tera 2, nawa bai kai ba, amma gara in saba. Da na ga an rubuta giga 931 na ce ina sauran, ya yi dariya ya ce haka kowane tera 1 ke nunawa a Windows, lissafin masu ƙerawa da na kwamfuta ne ba ɗaya ba.

Ya kuma sa wata manhaja mai suna CrystalDiskInfo ya duba lafiyar diskin. Awa dubu 31 da 'yan kai ya yi a kunne, wato shekara uku da rabi ba dare ba rana. Wannan shi ne "kusan sabo" na mai gwanjo. Ya ce yana da sauran rai, amma kada in sake goge katin kyamara don kawai na zuba a cikinsa. Muka cire wuta gaba ɗaya har sau uku muna mayarwa, duk ta tashi daidai.

Batirin da masu agogo a bakin kasuwa ke sayarwa dala ɗari, maigida jaka 2 ya rubuta min, wai har da kuɗin sawa. Na ce Alhaji, ai wannan cikon aikin da na riga na biya ne. Ya ce wancan daban wannan daban. Kwana ukun da ya ɓata min bai ko ambata ba, balle ya ba da haƙuri. Albam ɗin Pitowa ya makara da mako guda, gwaggon ta zaftare min jaka 5 a cikon kuɗina, kuma ban ga laifinta ba.

To in kun tambaye ni ko a kai kaya wurin, sai in ce a kai tsakanin azahar da la'asar, lokacin da maigida ba ya nan, a nemi siririn yaron da ke zaune ta ciki kusa da fanka, kuma a tsaya a kansa har ya gama. Kwana a shagon kuwa, kayana ba za su ƙara ba. Sai da na isa gida ma na ga igiyar wutar da aka haɗo ni da ita ba tawa ba ce, wata ce mai baƙin salatif a wuya. Na kira, maigida ya ce za a duba, in leƙo Litinin. Litinin biyu ke nan ina leƙawa.