Cin abinci a Nasau: Arawak Cay ko Potter's Cay?

Wanda ya je Nasau, babban birnin Bahamas, yana neman abincin 'yan ƙasa, wurare biyu za a nuna masa.

Arawak Cay jerin gidajen abinci ne masu fenti kala-kala a bakin teku, akwai kujeru da inuwa da kiɗa, daren Lahadi kuma ba masaka tsinke. Soyayyen kifi da shinkafa da wake ne suka fi tafiya a nan. Musulmi dai ya tambaya kafin ya ci, don sau da yawa da naman alade ake dafa shinkafar.

Potter's Cay kuwa ƙarƙashin gadar tsibirin Paradise yake, inda jiragen masunta ke tsayawa. Ni nan na fi so. A gabanka mai rumfa zai ciro konk, wato babban dodon koɗin teku, daga ɓawonsa, ya yayyanka shi ɗanye da albasa, tumatir da attaruhu, ya matse lemun tsami a kai. Wurin zama kaɗan ne, ga ƙarnin kifi, shi ya sa mai tafe da yara gara ya nufi Arawak Cay.