Gidan abincin wata 'yar Ibo a Sabon Garin Kano

A ɗaya daga cikin layukan da ke kusa da kasuwar Abubakar Rimi akwai wani gidan abinci da na shafe kusan shekara ina zuwa, kuma ina ganin ya cancanci a yi masa adalci a rubuce. Mai gidan 'yar ƙabilar Ibo ce, haifaffiyar Sabon Gari, unguwar da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa baƙi 'yan kudu bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911. Hausar da ke bakinta ta Kanawa ce tsantsa, har takan tarbi mutum da "Alhaji, yau sakwara ko teba?" tun kafin ya zauna.

Abin da ya fi kama ni shi ne ba ta rage ɗanɗanon girkinta don ta faranta wa baƙo. Miyar agushinta tana da kauri, da ganyen shuwaka wanda aka wanke har ɗacinsa ya ragu amma bai ɓace ba, ga manja mai ƙamshi da busasshen kifi da ganda. Matar da ke tuƙa amala Bayarabiya ce, kuma miyar lalon da take kaɗawa da iru ta sa na yi murmushi ranar farko, domin iru ɗin nan daddawar kalwa ce dai da muke sa wa miyar kuka, suna ne kawai ya bambanta. Albasa da tattasai da tumatirin tukunyar kuwa daga gonakin arewa suke fitowa.

Batun nama shi ne ya jawo mata Musulmi da yawa. Wani Bahaushe mahauci ne yake kawo mata yankan safiya, kuma ba ta sayar da barasa, abin da ba kowane gidan abinci a unguwar ba ne zai iya faɗa. Saboda haka da azahar za ka tarar da ɗan kasuwar Kantin Kwari da mai sayar da kayan gyaran mota daga Anambara a teburi ɗaya, suna ciniki da Hausa suna wanke hannu a roba ɗaya, a unguwar da ta ga tarzomar 1953 da ta 1966 da ta 1991.

Sai dai akwai inda gidan ya gaza. Tuwon shinkafar da aka ƙara cikin jerin abincin don Hausawa ba ya laushi, miyar kukar kuma takan yi ruwa, don haka wanda tuwo ya kawo shi gara ya nemi wani wuri. Idan wuta ta ɗauke, ƙarar janareto takan hana hira, kuma bayan ƙarfe biyu na rana sakwara takan ƙare, sai dai mutum ya haƙura da teba.