Na gwada Wolfram Alpha da lambar da ta ruɗi Fermat

Ni malamin lissafi ne, kuma akwai lambar da na daɗe ina ƙauna: 4,294,967,297. Idan ka jera 2 har guda 32 ka ninka su, ka ƙara 1, ita za ka samu. Pierre de Fermat, masanin lissafin nan na Faransa, ya ɗauka gagara-rabo ce, wato irin lambar da babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Yana da dalilinsa, domin yayyenta biyar da ake ginawa da irin wannan tsari, 3 da 5 da 17 da 257 da 65,537, duk haka suke. Sai a 1732 wani masanin lissafin, Leonhard Euler, ya nuna cewa 641 na raba ta tsaf.

Da ita na fara gwada shafin Wolfram Alpha mai amsa tambayoyin lissafi, wanda kamfanin Stephen Wolfram ya buɗe a 2009. Ban rubuta tambaya ba, lambar kawai na zuba a akwatin. Kafin in gyara zama ya fasa ta gida biyu: 641 sau 6,700,417. Na ɗauki biro na ninka da hannu don in tabbatar, ta fito daidai, ko ɗaya bai ɓace ba. Sai da tsigar jikina ta tashi, don na tuna Euler da alƙalami da takarda ya gano wannan.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya nan ba. Ya nuna mara ce, ba cika ba. Ya kawo saurar da take bari in an raba ta da ƙananan lambobi, ya kuma rubuta ta da tsarin sifili da ɗaya da kwamfuta ke aiki da shi: 1, sai sifili 31 a jere, sai wani 1. Kallo ɗaya za ka ga yadda aka gina ta. Na shekara da shekaru ina fama da bayanin nan a allo, ranar da na nuna wa ɗalibaina wannan layin sai ga kawuna suna gyaɗawa.

Daga nan na ba shi 2,147,483,647, ya tabbatar gagara-rabo ce, kamar yadda Euler ya nuna a 1772. Sai 33,550,336, ta biyar a jerin cikakkun lambobi bayan 6 da 28 da 496 da 8,128. Cikakkiya ita ce wadda in ka tara duk masu raba ta, ban da ita kanta, jimillar ta dawo maka da ita. Na nemi jerin masu raba ta, ya kawo guda 26, muka cire ta ƙarshe muka tara sauran 25 a aji.

Tsohuwar kalkuletata ba ta iya wannan. Da amsa ta wuce gurbi goma sai ta datse wutsiyar, alhali a wutsiyar ake gane cika da mara.

Mai son gwadawa ya sani sai da intanet, kuma doguwar tambaya da Turanci ake rubuta ta. Amma lamba tsurarta ba ta buƙatar wani yare. Mako mai zuwa 8,589,869,056, ta shida a jerin cikakkun lambobi, zan kai aji, kuma sai kowa ya gwada da biro kafin mu buɗe shafin.