Makirfon Shure SM57: ya iya da kalangu, gurmi kuwa sai a hankali

A yawancin sitidiyon Kano fiyano ne ke yin komai, har da kwaikwayon kalangu. Sai dai kunnen da ya saba da kiɗan biki ba ya ruɗuwa: kalangun fiyano ba ya magana, domin babu hammatar da ke matse tsarkiya. Mai son ɗora kalangu na gaske a kan kiɗan na'ura, SM57 ya ishe shi.

Tun 1965 ake ƙera shi. Ba ya buƙatar wutar 48V daga mikisa (na'urar haɗa sauti), yana ɗaukar sauti daga 40 zuwa 15,000 Hz (ma'aunin kauri da sirantar sauti), kuma duk ƙarfin bugun makaɗi ba ya sa shi tsagewa. Gabansa ya fi ji, don haka gurnanin janareta daga baya yana raguwa sosai.

Aikin yana wurin ajiye shi. A bar santimita 10 zuwa 15 tsakaninsa da fatar da ake bugu, a karkata bakinsa zuwa gefen fata. In ya kalli tsakiya, ƙwas-ƙwas ɗin makaɗi zai danne muryar gangar. In aka manna shi da fata kuma, sautin ya kumbura ya shiga hanyar bes ɗin fiyano, wato sautinsa mai kauri, kiɗan ya dagule. Maganin wannan shi ne a yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz. Sannan a zaunar da makaɗin a kujera, don makaɗan kalangu ba su san tsayuwa wuri ɗaya ba. Da kiɗa ya yi daɗi sun juya, sauti ya tafi.

Wani abin ba laifin makirfo ba ne. Da hunturu fata takan bushe murya ta hau, da damina ta saki. A fara jin inda kalangun ya zauna a ranar, sannan a zaɓi makullin fiyano, wato matakin muryar da za a yi kiɗan a kai.

Ga gurmi SM57 bai gamsar ba. Sautin gurmi siriri ne, sai an murɗa ƙarfi sosai, ƙaramin mikisa kuwa daga nan zai fara huci. Makirfon kondensa, irin wanda ya fi jin siririn sauti, ya fi dacewa da gurmi.

Jabun SM57 ya yi yawa a kasuwa. Na asali nauyinsa giram 284 ne, kansa kuma yana juyawa idan an murza shi da yatsa. A gwada shi a shago kafin a biya.